Neman shawara: lissafina na canjawa, in ƙara wa C++ sabon abu ne ko akwai hanya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kod na yaren kwamfuta C++ mai lissafin yadda zafi ke yaɗuwa a cikin ƙarfe, da double (nau'in lamba mai ɗigo) na rubuta komai. In na haɗa shi da -O0 (ba ƙarin sauri) amsa daban, in na sa -O3 da -ffast-math (zaɓin ƙara sauri) wata daban, tun daga lamba ta shida bayan ɗigo suke raba hanya kuma abin na damuna sosai don ban san wacce zan yarda da ita ba. Tunanina in ɗauki ANTLR, manhajar gina mai karanta nahawun yaren kwamfuta, in ƙara wa yaren sabon nau'in lamba mai bin sawun kuskure. Ya kuka gani? Wanda kod ɗinsa ke buɗe nake so.

Amsa ta 1: Wa'alaikumussalam. Malam don Allah ajiye ANTLR tukuna, nahawun C++ ba ƙaramin aiki ba ne, sai ka ƙare kana kokawa da shi ka manta abin da ya kawo ka. Yaren da kansa ya yarda ka sake wa +, -, * da / ma'ana, kuma abin da CADNA, laburaren auna kuskuren lissafi, ta yi ke nan, ka mayar da double ɗinka double_st, kowane lissafi ta yi shi sau 3 tana yanke lamba sama ko ƙasa ba tsari, inda ukun suka zo ɗaya nan ne lambobin da za ka dogara da su.

Amsa ta 2: Gaskiya ne amma in kod ɗin na da yawa canja nau'in ma wahala ce. Ni Verrou zan ce, na kamfanin lantarkin Faransa EDF, a kan Valgrind (manhajar binciken kod yayin da yake gudana) yake tafiya, ba ka taɓa kod ba ka sake haɗawa, sai dai fa zai yi nawa sosai. Verificarlo kuma, mai irin wannan aikin, ta LLVM (kayan haɗa kod) yake bi, shi dole ka sake haɗawa.

Amsa ta 3: Ɗan uwa kafin duk wannan cire -ffast-math ɗin nan. Izini ka ba kwamfaila, wato mai haɗa kod, ya jujjuya maka jerin tarawa, alhali a ƙa'idar lambobi masu ɗigo ta IEEE 754 ta 1985 (a+b)+c ba lallai ya zama a+(b+c) ba, double bit 53 kawai gare shi, wajen lambobi 15 zuwa 16. Ko tarawar Kahan, dabarar rage kuskuren tarawa, ka rubuta yana iya share maka ita.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To in na gano layin da ke ɓata lissafin fa?

Amsa ta 1: Sai ka kai shi wa Herbie mai gyara lissafi don rage kuskure, da yaren Racket aka rubuta shi a Jami'ar Washington, ba dukan kod yake karɓa ba sai guntun lissafi. Ka ba shi sqrt(x+1)-sqrt(x) zai maido maka 1/(sqrt(x+1)+sqrt(x)), don in x ya girma biyun kusan ɗaya suke, debewar ta cinye lambobin kirki. Daga nan ka gwada sabon layin da MPFR, laburaren lissafi da dogayen lambobi, a bit 200 ka ga ko sun dace.