Daji ne ke kiran ruwa, ko ruwa ne ke yin daji?

Ɗan Zuru: Jama'a, na faɗa a taron ƙungiya kuma ina nan a kai. Da za mu bar saran itace mu duƙufa ga shuka, ruwan Kebbi zai ƙaru har mu kamo Kuros Riba. Ku dubi dajin Amazon na Kudancin Amurka. Bishiya ta tsotso ruwa daga ƙasa, ta fitar da shi ta ganye, tururin ya tashi ya haɗa hadari ya sake zubowa. Kaso mai yawa na ruwan da ke sauka can, dajin ne ya mayar da shi sama.

Malamar Sakandare: Ƙanena, batun Amazon gaskiya ne, amma ka tsallake tushe. Dajin yana daidai tsakiyar duniya, inda zafi da laima ba su yankewa, iska kuma tana ta shigo masa da ruwan Tekun Atlantika. Irin wannan daji yana son ruwan da ya kai milimita 2,000 ko fiye a shekara. Kalaba na samun kusan 3,000, Birnin Kebbi kuwa wajen 800, a cikin wata huɗu zuwa biyar. Ruwanmu iskar kudu maso yamma ke ɗauko shi daga teku, kafin ta iso nan ta sauke mafi yawansa a kudu. Oktoba na yi, iskar hunturu ta kore ta. Ko ka shuka miliyan nawa, ba za su hana rani zuwa ba.

Kawun Argungu: 'Yata, ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Muna yara, daga gari zuwa fadama inuwar kirya da ɗorawa da marke kake bi, damina kuma ta cika. Aka sare, sai ga farin 1973, sai na 1984. Wanga ba shaida ba ce?

Malamar Sakandare: Allah ya ƙara girma, Kawu. Wancan fari ya kama tun daga Senegal har Sudan, har wuraren da gatari bai taɓa ba, kuma masana sun danganta shi da sauyin ɗumin ruwan teku. Ga kuma abin lura: itatuwan ba su dawo ba, amma ruwa ya ƙaru. Ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadamunmu ba a cikin daji ta same mu ba.

Ɗan Zuru: To ke nan mu bar masu gawayi su ƙarasa sauran?

Malamar Sakandare: Wa ya ce haka? Ina tsoron alkawarin da ba zai cika ba ne. Ka ce wa manomi shuka za ta kawo masa ruwa, shekara uku bai gani ba, ya saki awaki a kan dashen.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji: Ku ba ni dama. Na yi aiki a kudu, na shiga kurmin Oban, wanda ke cikin gandun ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991. Da tsakar rana ƙasan kurmin duhu-duhu ne, rigarka ta jiƙe ba a yi ruwa ba. Saiwoyin manyan itatuwa sun fito waje kamar katanga, don ba su nitsa sosai. Ka tona da ƙafa, baƙar ƙasar 'yar kaɗan ce a sama, ƙarƙashi ja ce da ruwa ya wanke. Ganye na faɗuwa gara da naman gwari su cinye shi, saiwa ta kwashe. Shi ya sa wanda ya share kurmi ya yi gona, bayan 'yan shekaru sai amfanin ya ja baya. Malama ta yi daidai, nan ba zai zama can ba. Amma ɗana bai yi kuskure duka ba. Iskar da ke kawo mana damina ta kan kurmin kudu take bi, tana ƙara laima daga ganyensa. Saran da ake yi can ya shafe mu, ko da ba wanda zai ce ga iyakarsa.

Kawun Argungu: To mu nan me za mu yi, Alhaji?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji: Abin da manoman Maradi suka fara tun shekarun 1980. Ba dashe suka dogara da shi ba, tohon kututturen da ke gona suka bar wa rassa biyu ko uku suka rene shi. Musamman gawo: yana zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa dabba ta ci da rani. Ruwan da ya sauka ya nitse maimakon ya yi zaizaya, iska kuma ta rage binne shuka da rairayi.

Ɗan Zuru: Na karɓi gawo, Baba. Amma har yanzu ina ganin Zuru da Yauri sun fi Argungu ruwa ne saboda itace.

Malamar Sakandare: Saboda sun fi kusa da kudu ne, ƙanena. Ɗauko taswira ka duba.