Shafinmu na masu rubuta kod: tsarin maki za mu fara ginawa ko akwai abin da ya fi shi gaggawa?

Ɗan_Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin mutum ukun da ke kula da shafin nan namu na tambaya da amsa kan furogiramin da Hausa, wanda kun san dalilin buɗe shi, guruf ɗin WhatsApp ya kasa riƙe mu, tambaya ɗaya sai a yi ta maimaita ta saboda amsar farko ta nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da tallan data. To dukkanmu ukun muna da aikin da muke ci da shi, ni daga Agege nake zuwa Yaba, kafin in fita daga gosulo in iso gida in yi isha'i jiki ya gama mutuwa, don haka Asabar da Lahadi kawai muke taɓa kod ɗin shafin. Abu ɗaya babba za mu iya ginawa nan da wata biyu, ba biyu ba.

Abokan aikina sun dage a yi tsarin maki irin na Stack Overflow, shahararren shafin nan na tambaya da amsa kan furogiramin da Turanci, da ƙuri'ar sama da ta ƙasa da bajo, hujjarsu ita ce masu amsawa sun fara yin sanyi don ba sa ganin komai a ƙasa. Ni kuma abin da ke cin raina daban ne, mutum zai yi rajista ya yi tambaya ɗaya, shi ke nan ba za ka sake ganinsa ba, kuma irin waɗannan su muka gina shafin dominsu. Don Allah ku gaya mana gaskiya, me ya fi ba ku wahala in kun shigo? Ba za mu ji haushi ba.

Almajirin_Python:

Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya saka da alheri. Ni ba ruwana da maki tukuna. Ba ni da laftof, a waya nake koyo da Termux, manhajar da ake gudanar da kod a waya da ita, ina tsaron shagon yayana a Idi-Araba ina yi in babu kwastoma, kuma na tabbata yawancin sababbin nan irina ne. Ku buɗe shafin a ƙaramar waya ku gani. In wani ya sa kod a amsa, akwatin sai ya karya dogon layi ya sauko da shi ƙasa, in na kwafa na kai Termux tazarar farkon layi ta rikice, Python kuma ba ya yafe wannan, nan take zai watso maka saƙon kuskuren IndentationError, kai kuma sabon shiga sai ka ɗauka kai ne ba ka da kai. Ku bar layin ya miƙe mutum ya ja shi gefe da yatsa, sannan ku sa maɓallin kwafa a saman akwatin.

Na biyu, kun ce a sa kod tsakanin 'yan alamomin nan uku (```) na Markdown, salon tsara rubutu, wallahi nemo alamar nan a kibod ɗin waya aiki ne, shi ya sa kowa ke turo sikirinshot. Su kuma hotunan suna buɗewa da kansu da cikakken girmansu, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 na farashi a Janairun 2025 kowa lissafin datarsa yake yi. Ku bari sai mutum ya taɓa hoto sannan ya sauko. Kuma in netwok ya ɗauke kana tsakiyar rubuta tambaya komai tafiya yake, ranar nan a cikin danfo na rubuta doguwar tambaya na danna aika, shafi ya yi fari, na dawo babu ko harafi. Ban sake rubutawa ba.

Injiniya_Obalende:

Ɗan Agege sannunku da ƙoƙari. Kan maki, ra'ayina a dakata. Mutane suna ganin Stack Overflow suna zaton makin ne ya gina shi. Jeff Atwood da Joel Spolsky sun buɗe shi a 2008, kuma kowannensu ya riga ya tara dubban masu karanta rubutunsa kafin nan, wato da jama'arsu suka shigo. Makin hanya ce ta tafiyar da taron da ya fi ƙarfin masu kula da shi, shi ya sa shekara da shekaru ƙa'idarsu sai kana da maki 50 za ka yi sharhi ƙarƙashin rubutun wani, sai 125 za ka danna ƙuri'ar ƙasa. Mu nan fa mun san juna, wasu masallacin Juma'a ɗaya muke haɗuwa. Ranar da aka danna wa wani ƙuri'ar ƙasa zai zauna ya lissafa waye, daga nan gaba ta fara. Abin da zan ɗauka daga wurinsu ɗaya ne, mai tambaya ya iya sa alamar cewa wannan amsar ce ta warware min, ta hau sama. Aikin yini ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne sachin, wato neman rubutu a shafin, kuma ina ganin yana cikin abin da ke korar mutane ba tare da kun lura ba. Gwada da kanka, akwai tambaya mai taken yadda ake ƙirƙirar tebur a MySQL, rubuta "kirkirar tebur" da k ɗin kibod a akwatin nema, ba za ta fito ba. Rabinmu suna rubutu da ƙ da ɗ da ɓ, rabi ba su da su a waya, wasu kuma k' da d' suke sawa. Sai yaro ya nema bai samu ba, ya yi tambayar, wani ya ce masa an riga an amsa wannan. Laifin wa?

Kada ku ce za ku yi dabarar da ake yi wa Faransanci, a kira normalize da NFD a JavaScript a share alamomin sama. Wannan yana aiki kan é saboda Unicode, tsarin da kwamfuta ke bi wajen gane haruffa, na iya raba shi gida biyu, e da alamarta. Namu ba sa rabuwa, ƙ harafi ne mai zaman kansa, U+0199, haka ɗ da ɓ da ƴ. Da hannu za ku rubuta ɗan teburin musanya, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ƴ ta koma y, har da manyan baƙaƙensu, a cire alamar nan (') ta k' da d', sannan a bi da abin da aka adana don nema da abin da mutum ya rubuta ta wannan hanya ɗaya. Rubutun da ake nunawa kuma kada a taɓa shi, a bar wa kowa ƙugiyarsa.

Maman_Ikram:

Malam Ɗan Agege tunda ka ce a faɗi gaskiya. Ni ina cikin waɗanda suka yi tambaya ɗaya suka ɓace, yau ma ƙawata ce ta turo min wannan. Ina koyon HTML da CSS ne da dare bayan yara sun yi barci, na tambayi me ya sa hotona ya ƙi zama a tsakiya, amsar farko da na samu ita ce "ki je ki yi sachin a Google". Da na san abin da zan rubuta wa Google ai da ban zo ba. Bayan nan kuma saƙonni suka fara shigowa ta akwatin sirri, babu mai maganar CSS a ciki, daga ina kike sai kina da aure. Na rufe shafin.

Ku ba mu damar kulle akwatin sirri, ya ma zamana a kulle yake tun farko sai wanda ya so ya buɗe, da maɓallin kai ƙara wanda admin zai duba da gaske. Sannan wurin rubuta tambaya kada ya zama fili fari kawai, ku raba shi, me kake son yi, me ka gwada, wane saƙon kuskure ya fito. Sabon shiga bai san ana buƙatar waɗannan ba sai an yi masa tsawa. Wani abu kuma, masu kwaso amsar ChatGPT su liƙa ba su gwada ba, ƙawata ta kwana tana fama da wata irin wannan. Stack Overflow ma sai da suka hana a Disambar 2022. Ni ban ce a hana ba, amma mutum ya rubuta cewa daga can ya ɗauko kuma ya gwada ta yi aiki.

Sarkin_React:

Hajiya ki yi haƙuri, abin da aka yi miki bai dace ba sam, a gyara wannan kafin komai. Amma Oga Injiniya ban yarda a jefar da maki gaba ɗaya ba. Mu da muke zama mu rubuta amsa mai tsawo da cajin janareto, muna neman aiki ne a garin nan, in ka je intabiyu a Yaba ko Lekki GitHub ɗinka, wato inda kake ajiye kod ɗinka a intanet, za su fara tambaya da abin da ka taɓa yi wa jama'a. A bar ƙuri'ar ƙasa na yarda, amma a ba kowa shafinsa da ke nuna amsoshinsa nawa aka karɓa, da adireshin da zai iya sawa a takardar neman aiki. Kuma ku duba maganar saƙon murya, wasu sun fi iya bayani da baki.

Injiniya_Obalende:

Shafin da ke nuna amsoshin da aka karɓa na goyi baya, tunda daga alamar nan zai fito ba sai an gina wani abu sabo ba. Saƙon murya kuwa a'a ƙanena, akwatin nema ba ya jin murya, kuma ba a kwafar kod daga cikinta, mun koma WhatsApp ke nan. Ɗan Agege in kod ɗin shafin yana GitHub ka ƙara ni, zan turo gyaran sachin ranar Asabar in Allah ya kai mu, kai kuma Almajiri ka gwada mana a wayarka kafin a sake shi.