Karatun jinya bayan shekaru sun ja, ga yara a hannu

Ga abin da na tattaro daga shawarwarin da mutane suka bayar don 'yar'uwarmu mai riƙon yara ita kaɗai, wadda ta tambaya ko za ta iya fara karatun jinya bayan shekaru sun ja:

1. Kusan kowa ya yarda shekaru ba sa hana karatun jinya.

2. Abin da aka fi nanatawa shi ne lokacin koyon aiki a asibiti. Akwai aikin dare, wani lokaci tsayuwar awa 12. Tun kafin ki cike fom, ki san wa zai kwana da yaran, da wanda za ki kira in ƙaramin ya tashi da zazzaɓi da asuba. Ni ma nan ne ya fi damuna.

3. Ki sake bitar bayoloji.

An rabu kan neman abinci: wasu sun ce ki ajiye aiki, wasu kuma ki fara da aikin mataimakiyar jinya, albashi na shigowa.