Autan 'yan kwikwiyona ya daina kama nono, jikinsa ya yi sanyi

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka daɗe a kiwon karnuka, da likitocin dabbobi in akwai, ku agaza mini, hankalina ba a kwance yake ba.

Karyata ce ta haihu daren Talata. Haihuwar fari ce, shekararta biyu da wata huɗu, irin manyan karnukan nan na Jamus da ake tsaro da su. Kwananta 62 da barbara naƙuda ta kama ta. Tun ƙarfe 11 na dare ta fara, ba ta gama ba sai gab da asuba, ina tsugune a gefenta da tocila. Ita ta fasa wa kowanne jakarsa, ta datse cibiya, ta lashe su tas. Guda bakwai ne, kuma na ga fitar mabiyiya bakwai.

Shida lafiyarsu ƙalau. In suka kama nono har jelarsu miƙewa take yi, su ƙoshi su bingire su yi barci. Damuwata na ƙarshen ne, muna ce masa Auta. Da safiyar Laraba na ɗora su a sikelin kicin ɗaya bayan ɗaya. Sauran suna tsakanin giram 430 da 490, shi kuma 310. Yau Juma'a duk sun ƙaru, shi ya sauko 275. In na kai shi kan nono sai ya kama, ya tsotsa sau biyu uku, ya saki. Manyan sai su bi ta kansa su ture shi.

Ga abin da na yi, kuma ina jin na yi kuskure. Jiya da dare tausayinsa ya kama ni, na dama madarar gari wadda muke sha, na zuƙa a sirinji, na kwantar da shi rigingine a tafin hannuna kamar jariri na ɗura masa. Sai na ga madarar tana fitowa ta hancinsa. Tun daga lokacin wani siririn kuka yake yi ba ƙaƙƙautawa. Uwar ma ta fara sa hanci tana tura shi gefe. Ɗazu na sa ɗan yatsana a bakinsa, sanyi ƙalau.

In ci gaba da ba shi madarar? In raba shi da uwar? Ko kuwa irin waɗanda ba sa rayuwa ne? Wallahi jiya ban runtsa ba.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye sirinjin nan yanzu. Kwikwiyon da bakinsa ya yi sanyi ba a ba shi madara. In zafin jikinsa ya faɗi ƙasa da digiri 34 da ɗoriya, hanjinsa tsayawa yake, abin da ka zuba masa sai ya kwanta a ciki ya kumbura shi, ko ya dawo ya shige huhu. Ɗumi ne farko.

Ka sa shi cikin rigarka, jikinsa na taɓa fatarka, ka zauna da shi haka awa ɗaya ko biyu. A hankali ake ɗumama su. Sannan ka samu kwali, ka shimfiɗa tawul, ka cika gorar roba da ruwan ɗumi ka naɗe ta da tsumma ka ajiye a ɓangare ɗaya, ka bar ɗaya ɓangaren babu, don in zafi ya yi masa yawa ya iya jan jiki ya matsa. A satin farko wurin kwanciyarsu yana son ya kai digiri 29 zuwa 32. Mu ɗakin yana iya yi mana daɗi, su kuma suna daskarewa a ƙasa, musamman in siminti ne ko tayil. A kwanakin nan ko makyarkyata ba su iya yi ba, balle su samar wa kansu ɗumi.

Turewar da uwar take yi kada ta karya maka gwiwa. Na sha gani, karya na ƙyale ɗan da ya yi sanyi, amma in ka maido mata shi da ɗuminsa yana motsi sai ka ga ta hau lasarsa. In ya ɗumama, kwashe manyan shida ka sa a kwali na minti 15, ka matso ɗigon nono a kan nonon baya, waɗanda ke kusa da cinya, sun fi ruwa, ka riƙe masa kai ya sha shi kaɗai. Duk awa biyu, har cikin dare.

Uwar Karnuka Uku ta amsa:

Sannu ɗan'uwa, Allah ya tashi kafaɗarsa. Labarinka ya tuna mini da nawa. Ni biyu na rasa a haihuwar farko, kuma da hannuna. Na ga sun yi sanyi, na kwantar da su kan gorar ruwan zafi ba tare da na naɗe ta ba, na je na dawo na tarar fatar cikin ɗaya ta yi ja jawur. Ba su da ƙarfin guduwa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu. Don haka ka gwada gorar a kan fatar hannunka tukuna.

Kuma kada ka manta da fitsari da kashi. Har kusan sati uku ba sa iya yi da kansu sai uwar ta lashe su. Tunda ta ƙyale shi, ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka riƙa shafa masa ƙasan ciki da gindin jela bayan kowane shan nono. Ka duba launin fitsarin a jikin audugar. In ya yi rawaya sosai, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Malam, abin da suka gaya maka daidai ne, amma ina so ka kai shi asibitin dabbobi yau, kada ka jira gobe. Daga 310 zuwa 275 ya zubar da fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa. A ranar farko kwikwiyo na iya ɗan raguwa, daga nan kuwa ya kamata kullum ya ƙaru da kashi 5 zuwa 10, ya ninka nauyinsa cikin kwana 10 ko kusa da haka. Ka tafi da shi a cikin rigarka.

Abu biyu nake son a duba. Na farko huhunsa, saboda madarar da ta fito ta hanci. Wataƙila kwanciyar rigingine ce ta sa ya ƙware, don a kan ciki suke sha, kai a ɗan ɗage, kamar yadda suke yi a jikin uwa. Amma in madarar ta shiga huhu tana iya zama nimoniya, sai an saurara da abin awo. Na biyu ganɗarsa. Buɗe bakinsa ka haska tocila sama. Wasu ana haifarsu da tsaga a ganɗa, ba sa iya zuƙa, nono na bi ta hanci, kuma alamarsu ke nan: su kama su saki. In haka ne, ta siririn tiyo ake ciyar da su, kuma sai likita ya nuna maka da hannu.

Kafin ka isa, in ya ɗumama amma ya yi laushi, ka shafa masa ɗigon ruwan gulukos a dasashi. Ɗigo kawai, ba ɗura ba. Sukarin jininsu saurin faɗuwa yake.

Madarar shanu kuwa ka bar ta. Nonon karya ya ninka ta a maiƙo da furotin, ita kuma ta fi shi sukarin madara, shi ya sa take sa su zawo, ga shi ba ta ƙosar da su. Akwai madarar da aka yi musamman don 'yan kwikwiyo. Tambaya ɗaya: ka tabbata ya sha dakashi, wato nonon farko, a daren da aka haife shi? Kariyar da ke cikinsa a ranar farko kaɗai hanjinsu ke iya ɗauka. Ka gaya wa likitan amsar, tana da amfani.

Uwar ma ka sa mata ido. Ka taɓa nonuwanta kullum. Wanda ya yi tauri, ya yi zafi, ko yake fitar da ruwa mai launi, ciwo ne. Ruwan biƙi mai duhu na iya ɗaukar makonni yana fita, ba komai, sai in ya yi wari ko ta daina cin abinci, ko zafin jikinta ya haura 39.5. Tsakanin sati na biyu da na huɗu, in ka ga tana haki, tana rawar jiki, ƙafafunta sun sanƙare, kalsiyam ɗin jininta ne ya faɗi, a guje ake kai ta. Kada ka ba ta ko 'ya'yanta maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen yana lalata wa kare ciki da ƙoda.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Na yi yadda kuka ce. Kusan awa biyu yana cikin rigata kafin na ji ya fara ƙoƙarin tsotsar fatar ƙirjina, sai da hawaye suka zo mini. Mun je asibiti da yamma. Ganɗarsa lafiya lau, babu tsaga. Likitan ya ce ya ji ɗan ƙara a huhunsa na dama, ya rubuta magani gwargwadon nauyinsa, ya yi masa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata. Zafinsa da muka isa 35.8. Batun dakashi, Likita, na ga ya kama nono da asubar da aka haife shi, amma ba zan rantse ya sha da yawa ba.

Kuma Yaya Tsohon Hannu, maganarka ta siminti gaskiya ce. Tsohon bargo ɗaya ne kawai tsakaninsu da ƙasa, kuma shi Auta kullum a bakin bargon nake tsintarsa. Yanzu na sa katako a ƙasa, na ninka shimfiɗa.

Yau Litinin. Asabar 280, Lahadi 298, yau da safe 321. Na sa agogo yana tashe ni duk awa biyu, in kwashe manyan, in riƙe masa nonon baya, in ƙara masa madarar kwikwiyo kaɗan a fida. Jiya da dare na tarar uwar ta jawo shi tsakanin ƙafafunta na gaba tana lasarsa.

Yaushe zan fara ba su maganin tsutsa? Wani ya ce mini sai sun buɗe ido.

Tsohon Hannu ya amsa:

Madalla, ƙanena. Ci gaba da rubuta awon kullum a lokaci guda.

Ido tsakanin kwana 10 da 14 yake buɗewa, kada ka taɓa shi, da kansa zai buɗe. Maganin tsutsa a sati biyu ake farawa, a maimaita duk bayan sati biyu har su kai sati takwas, a ba uwar tare da su, don wata tsutsar tun a ciki suke ɗauka, wata kuma ta nono. Na Auta ka bari likitan da ya duba shi ya auna masa da kansa. Allurar riga-kafi ta farko a sati shida zuwa takwas, ana maimaitawa har sati 16. Kafin nan kada su taka inda baƙin karnuka ke yawo, kuma masu zuwa kallo su cire takalmi su wanke hannu, don cutar fabo, mai sa karnuka amai da zawo, a tafin takalmi ma tana shigowa gida.