Tunani ya hana ni barci: me zan yi?

Mai tambaya:
'Yan'uwa, da zarar na kwanta sai zuciyata ta riƙa maimaita wata magana da na faɗa a wurin aiki, ina auna ta ta kowace fuska har ƙarfe 3 na dare. Yaya zan samu natsuwa?

Amsa ta farko:
Ɗan'uwa, jiki ba ya bambance haɗarin gaske da wanda zuciya ta saƙa, shi ya sa yake sakin sinadaran adrenalin da kotisol (waɗanda ke sa jiki shirin fuskantar haɗari), bugun zuciya ya ƙaru, barci ya ƙaurace. Ni abin da ya taimake ni shi ne ware minti 15 da yamma, in rubuta kowace damuwa a takarda tare da matakin da zan iya ɗauka gobe. Wadda ba ta da mataki, can nake barin ta.

Amsa ta biyu:
Ka shaƙi numfashi a hankali, ka fitar da shi a tsawon da ya fi na shaƙar. Kada ka ɗauki waya, don ita ke ƙara hura wutar.

Amsa ta uku:
Malam, idan abin ya wuce mako 2 yana hana ka aiki, ka ga likita.