Musayar waƙa: shanun kawu da ke garken mutane

Ɗan Dakoro:
Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon da kawuna zan buɗe, makiyayi ne arewa da Dakoro a Nijar, wajen kwarin Tarka. Babban amsa-amo "wa" ne. Wanda ya karya, shayin fada na wuyansa.

Da sunan Allah za ni fara,
Mai sa ruwa ciyawa ta tsira,
Ku ba ni kunne, zan tsara
Waƙar kawu na can arewa.

Asuba ya yi salla, bai jira,
Ya kwance dangwali ya gyara,
Maraƙi ya sha, a tatsi saura,
Kafin rana ta yi fitowa.

Yana da jajaye, har bijimi,
Azawak na layi bakin komi,
Ya san kowace ko ba alƙalami,
Da uwarta, kakarta, da haihuwa.

Amma in ka ƙirga a turke,
Rabi kawai za ka iske,
Saura na can a wani garke,
Ya ba da aro, suna ƙaruwa.

Yaro Ɗan Birni:
Yaya, a yi mini afuwa, ni ɗan kasuwa ne.

Yaya, waƙa ta yi daɗi,
Amma lissafin ya faɗi,
Dukiya a daji babu gadi,
Ɓarayi kuma ba sa gajiyawa.

Ya kai goma hannun dillali,
Ya zo Maradi ya sayi fili,
Ya ɗaure biyu, dusa, ƙuli-ƙuli,
Wata huɗu sun yi cikowa.

A 2010 ai mun gani,
Fari ya zo ya haɗe da rani,
Saniya ta faɗi ba magani,
Mahauta na saye, ana kokawa.

Inna ta Tibiri:
Ku dakata 'ya'yana. Kuna ta gardama kan mai sanda, ba wanda ya ambaci mai ƙwarya.

Wa ke kaɗa nono a gyanɗama,
Ta ɗauki ƙwarya ta ɗora sama,
Ta taka ƙarangiya ba takalma,
Ta kai kindirmo har kasuwa?

Nonon nan ne ke kawo hatsi,
Shi ke fid da gida daga matsi,
Ta shanya cuku tun kafin hantsi,
Ku sa ta a waƙa, ban da mantuwa.

Jar akuyar nan ta Maradi,
Mai tagwaye, nono mai daɗi,
Ita ake saidawa in ba kuɗi,
Ba a taɓa bijimi don 'yar damuwa.

Ɗan Dakoro:
Inna, baitinki ya zauna daram, Allah ya ƙara girma. Ƙanena kuwa, ina ganin ba ka gane aron da nake nufi ba. Haɓɓanaye ne irin na Fulani: a ba mutum karsana ta zauna hannunsa har ta haihu, galibi sau uku. Nono nasa, maruƙa nasa, uwar kaɗai zai maido. Ba takarda, ba riba. Saurari abin da ya fito daga ciki a shekarar yunwar da ake kira El Buhari, da Najeriya ta rufe iyakarta da Nijar.

Shekarar 1984, El Buhari,
Iyaka a rufe, ga kuma fari,
Garke ya zube a bakin gari,
Angulaye ke ta kewayawa.

Ya dawo da sanda da igiya,
Ba maraƙi, ba ko tunkiya,
Sai ga mutum tun da safiya,
Saniyar aro yake maidowa.

Ɗaya daga Mayahi ta taho,
Ɗaya daga kudu, mai guntun ƙaho,
Ta uku a hannun wani tsoho,
Su ne tushen da kake rainawa.

Fari ba ya cin ƙasa duka,
Tarka ta bushe, wani gu ya jiƙa,
Waɗanda ya watsa, su ne suka
Tsallake, na turke sai mutuwa.

Manomin Gidan Rumji:
Malam, Allah ya ja zamanin kawunka. Amma mu na kudu akwai magana a bakinmu.

Ni manomi ne a Gidan Rumji,
Gonata tana bakin daji,
Ba duk makiyayi ne ke ji,
Wasu da dare suke shigowa.

Gero na tsaye ba a yanka ba,
Ranar sakin gona ba ta zo ba,
Yaro da sanda bai tsaya ba,
Wake da harawa sai tattakewa.

Toda, 1991, mun tuna,
Daga ɓarnar gona sai ga ƙuna,
Mata da yara, ba su da gona,
Allah ya kiyaye maimaitawa.

Rai fiye da 100 aka rasa a ƙauyen Toda, akasari matan Fulani da ƙananan yara. Ni manomi ne, amma ba ni da bakin kare wannan.

Tsohon Malamin Dabbobi:
Ni ba gwanin waƙa ba ne, allura na sani, ku yi haƙuri da ni. Doka dai akwai ta. Tun 1961 aka shata iyakar da noma zai tsaya a arewa, a bar wa dabbobi sama da ita. A 1993 aka yi kundin dokar karkara da ya kawo hukumomin filaye, a 2010 kuma aka ƙara da dokar kiwo ta musamman. To amma ku je arewacin Dakoro ku ga inda gero ya kai yau. Manomi, ɓarnar dare gaskiya ce. Wannan ma gaskiya ce:

Burtali an kafa masa turaka,
Amma gona na cin iyaka,
Kowace damina a ƙara shuka,
Taku-taku har ya yi toshewa.

In hanya ta toshe ina za a bi,
Garke ba ya tashi sama,
Mashaya ma an kewaye ta da lambu,
Sai ka ji an kai ƙara gaban mai gari.

Irin kawun nan na san su a wurin rigakafin ciwon huhu. Su ne ke zuwa da nasu, su haɗo da na gwauruwar maƙwabciya da na marayu, su tsaya har a gama. Zakka ma ba sai an tuna musu ba: shanu 30 maraƙi, 40 mace.

Ɗan Dakoro:
Baba, baitinka na biyu ya bar "wa" ya shiga daji, shayi ya hau kanka. Manomi kuma, ga amsarka.

In yaronsa ya yi ɓarna,
Shi ke zuwa da tsakar rana,
Gaban mai gari a duba gona,
Ya biya, ba rantsuwa, ba musawa.

Bayan girbi ya zo da jaki,
Ya sauka gona ya zuba taki,
A ba shi dami ladan aiki,
Rijiyarsa ba ya hana shayarwa.

Jariri in an raɗa suna,
An nuna masa tasa karsana,
Ta girma tare da shi, ta zauna,
Ranar aure ita ce farawa.

Manomin Gidan Rumji:
In haka yake, ka ce masa karan gonata na jiransa bana. Amma sai an saki gonaki, ba kafin nan ba.

Yaro Ɗan Birni:

To yaya na ji, ban tuba ba,
Shagona dai ban fasa ba,
Amma in kawu bai ƙi ba,
A sa ni a layin masu karɓowa.

Inna ta Tibiri:
Ji ɗan nema! Ɗazu kai ke cewa a sayar.

Kai da ba ka san dangwali ba,
Wasaki bai taɓa hannunka ba,
Siminti bai tsiro da ciyawa ba,
Fara da akuya, muna dubawa.