Wai rashin adalci da muke ta kuka da shi yana canza ƙuri'ar kowa kuwa?

Ɗan Kurna:

Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai, yanzu da aka fara kaɗa gangar 2027 nace bari in kawo shi a warware min. Duk majalisar da ka zauna, ko teburin mai shayi ko cikin adaidaita sahu, zancen ɗaya ne, babu adalci a ƙasar nan, 'yan tsiraru sun kwashe komai talaka na shan baƙar wuya. Kuma ba ƙarya bane. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu, aka saki naira ita ma ta zube, aka ce mu yi haƙuri mu ɗaure ciki daɗi na nan tafe. Toh mun ji. Amma a shekarar 2023 ɗin nan dai aka sayo wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci na alfarma, sannan a 2024 Sanata Kawu Sumaila da bakinsa ya faɗa wa BBC Hausa cewa naira miliyan 21 ke shigo masa duk wata na tafiyar da ofis, ban da albashi. Shi kuma ma'aikaci mafi ƙarancin albashinsa dubu 70, shi ɗin ma sai da 'yan ƙwadago suka yi yajin aiki har suka kashe wutar ƙasa baki ɗaya kafin a zauna a daidaita. Ka lissafa da kanka, miliyan 21 ɗin nan albashin ƙananan ma'aikata 300 kenan.

Tambayata ita ce, duk wannan fushin ina yake zuwa ranar zaɓe? Don ni dai abin da nake gani, ana saura wata biyu sai maganar ta juya ta koma wannan namu ne wancan ba namu bane, wannan Musulmi ne, wancan ɗan kudu ne, malam ya ce a yi wane, sai taliya da atamfa da sabulu su ƙarasa aikin. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba. Shin da gaske akwai mai jefa ƙuri'a don a yi adalci wajen rabon arziki, ko dai hira ce kawai muke yi mu huce? Dan Allah kada a kawo min tallan ɗan takara, ba shi na zo nema ba.

Baba Sawaba:

Wa alaikumus salam. Ɗana, talakan arewa ya taɓa yin zaɓe a kan wannan, kuma ba a wata ƙasa aka yi ba, a Kanon da kake zaune aka yi. Jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano da aka kafa a watan Agusta 1950 ai ba ta da wata magana sai ta talaka da masu sarauta, zaluncin da ake yi wajen karɓar haraji, aikin tilas, da yadda ake amfani da kotun alƙali da 'yan doka a ɗaure duk wanda ya ɗaga murya. Mutane sun sha duka sun sha ɗauri a kan wannan, Hajiya Gambo Sawaba mace ce amma an kulle ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a lokacin da matan arewa ko ƙuri'a ba su da ita. Wancan zamanin labarinsa na ji a bakin iyayenmu. Wanda na gani da idona shi ne 1979. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ba ta da kuɗin jam'iyyar NPN ta su Shehu Shagari, ko kusa, amma ta ci Kano da Abubakar Rimi ta ci Kaduna da Balarabe Musa, kuma suna hawa suka soke haraji da jangali. Kai yaro ba za ka gane nauyin abin ba. A da idan lokacin haraji ya zo magidanci kan sayar da akuyarsa ko hatsin da zai ci da iyali, wani ma ya gudu ya bar garin saboda kunyar a kama shi a gaban matansa. Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, tsofaffi suka koma aji da daddare, kuma Kano ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980 kafin tarayya ta bi.

Abin da nake so ka lura, ba cewa suka yi ku zaɓe mu za mu kawo ci gaba ba. Abu guda suka nuna wanda kowane ƙauye ya san zafinsa, suka ce wannan za mu cire, aka zaɓe su, suka cire. Kuma jam'iyyar ta mutane ce, da kuɗinka kake yankar kati, mai faci da mahauci da ɗan dako su ne shugabannin mazaɓa, ba a jiran wani Alhaji ya kawo kuɗin taro. Yau wace jam'iyya ce haka? Mutum ya kwana a PDP ya tashi a APC, la'asar ya koma wata, magoya baya na biye da shi ba wanda ya tambaye shi me ya canza a aƙidarsa don babu aƙidar tun farko.

Ba kuma ina cewa mu mala'iku bane. Mu ma 'yan PRP mun rabu gida biyu, santsi da taɓo, muka yi ta zagin juna har Malam ya rasu a Afrilun 1983 ba a gama shiryawa ba, Balarabe kuwa majalisar da NPN ke da rinjaye ta hana shi ko kwamishinoni, ta tsige shi a 1981. Amma dai an yi, kuma talaka ne ya yi.

Maman Ilham:

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni kuma Malam Ɗan Kurna maganar taliya da atamfar nan ce ta tsaya min, don na san mu mata ake nufi, kullum mu ne masu sayar da ƙasa a kan taliya. Wlh abin yana min ciwo. Matar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba, mijinta ya fita tun asuba bai dawo da komai ba, ka miƙa mata dubu biyar kace kada ta karɓa saboda shekara huɗu masu zuwa? Ita yau take nema. Ku maza masu ilimi da ake kira deliget, nawa aka ba ku a zaɓen fidda gwani na 2022? Har labarin daloli muka yi ta ji. Ku kuka sayar tun a can, kuka kawo mana mutum biyu ko uku da duk kanwar ja ce, sannan ace mu ne muka ɓata. Kuma ku duba layin zaɓe da kyau, mu ne muke cika shi tun safe da goyo a baya, masu dogon turanci suna gida riƙe da waya.

Rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, wato rashin asibiti da makaranta da ruwa da abinci, kashi 65 cikin ɗari a arewa suke, Sakkwato ce kan gaba, kashi 91 na mutanenta suna ciki. Mutumin da aka bari a wannan hali ai an riga an saya shi tun kafin a zo da taliyar. Ni idan ɗan takara zai ce haihuwa kyauta a asibitin gwamnati, har da tiyata da jini da magani, kuma in ga alamar da gaske yake, wlh ko ɗan wane gari ne zan yi shi, kuma zan bi gida-gida in faɗa wa mata.

Abu Sadiƙ:

Hajiya kin faɗi gaskiya, babu abin cirewa. Amma bari in ja hankalinmu wani waje da muke yawan tsallakewa. Duk fushinmu Abuja yake tafiya, alhali kuɗin da aka daina biya na tallafin mai ba duka suka tsaya a Abuja ba. Asusun tarayya rabawa ake duk wata, tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60, kuma tun bayan cire tallafin da faɗuwar naira abin da gwamnoni ke karɓa ya ƙaru sosai, su da kansu ba sa musun wannan. Toh makarantar firamare ta waye? Asibitin sha-ka-tafi na waye? Ruwan famfo, hanyar ƙauye, taki? Duk na jiha da ƙaramar hukuma ne. Kai ka biya tsadar mai daga aljihunka, kuɗin ya zagayo ya faɗa hannun gwamnanka, shi kuma ya gina gadar sama a babban birni don ita ce ake ɗauka a hoto, yaran ƙauye na zaune a ƙasa aji ɗaya sun fi ɗari, mu kuma muna tafa masa muna zagin wani can.

A ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ya cire hannu. Mutum nawa a cikinmu ya taɓa tambayar ciyaman ɗinsa nawa ya shigo wannan watan? Wasu ko sunan kansilansu ba su sani ba. Kuma zaɓen ƙananan hukumomi kowa ya san yadda ake yinsa, jam'iyyar gwamna ta lashe duka, ko wace jam'iyya ce.

Wani misali, dambarwar dokar haraji. A Oktoba 2024 gwamnonin arewa suka taru a Kaduna suka yi fatali da ita saboda rabon VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya, an so kashi 60 ya koma inda aka samo kuɗin, suka ga za a cuci jihohinsu. Suka tsaya tsayin daka, malamai suka hau mumbari, aka yi ta ja har aka dawo kashi 30, aka sa hannu a watan Yuni 2025. Madalla, ban ce ba su yi daidai ba. Amma kun ga yadda suka haɗa kai cikin sati ɗaya da aka taɓa kason da ke shiga hannunsu? Yaushe suka taɓa haɗa kai haka a kan yaran da ke gararamba a titi babu makaranta? Sannan a cikin dokar akwai cewa mai samun naira dubu 800 ko ƙasa a shekara ba zai biya harajin albashi ba, wannan kai tsaye ya shafi ƙaramin ma'aikaci, amma kusan ba wanda ya yi mana bayaninsa a lokacin, duk an tafi kan arewa da kudu. Adalci tsakanin jiha da jiha daban, adalci tsakanin gwamna da mai gadin gidansa daban, kuma 'yan siyasarmu na farkon kawai suke so mu riƙa magana a kai.

Manomin Giwa:

Ni dai duk wanda ya ce adalci sai na tambaye shi adalci ga wa. Ku na birni kuka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a Agusta 2024, kuna da gaskiya, yunwa ba wasa ba ce, kuma abin da aka yi wa yaran nan da aka kama a zanga-zangar aka kai kotu a Abuja suna faɗuwa don yunwa abin kunya ne. Amma me gwamnati ta yi don ta kwantar da ku? Ta ɗage haraji a kan shigo da masara da shinkafa da alkama da wake daga waje. Abinci ya sauko kuna murna, mu kuma da muka sayi taki da maganin feshi da man injin ban ruwa a farashin sama, muka kai masara kasuwa buhu ɗaya bai sayen buhun taki. Wasu a garinmu bashi suka ci suka yi noman, wasu sai da suka biya 'yan bindiga kafin a bar su su girbe. Da yawa sun ce ba za su sake masara ba, kuma idan manomi ya daina ai ku ne dai za ku sake kuka.

Ban ce a bar ku da yunwa ba. A sauko da taki a sauko da mai, in sayar da araha in ci riba, ku ma ku saya da araha. Ni ƙuri'ata tana wajen wanda zai yi maganar taki da tsaro da lissafi, ba ya zo ya raba buhu goma a gaban kyamara 'yan jam'iyya su karkatar ba.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya a yi haƙuri, ai har maza na karɓa, nasu ma ya fi tsoka. Malam Abu Sadiƙ maganarka ta shige ni amma ina da ja kaɗan, kada mu wanke Abuja da yawa. Wa ya cire tallafin rana ɗaya ba tare da an tanadi motocin haya ko wani sassauci ba? Wa ya ƙara kuɗin wuta na Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit a Afrilu 2024, har masu ƙananan masana'antu suka riƙa rage ma'aikata? Sannan lita a Maiduguri ta fi ta Legas tsada alhali a Maiduguri aka fi talauci. Wannan ba gwamna ya yi ba. Kuma a ce na je na tambayi ciyaman, a ina zan san adadin da aka turo masa balle in kama shi da ƙarya?

Abu Sadiƙ:

Ban wanke kowa ba ɗan'uwa, katin zaɓenka ai ba sau ɗaya kake amfani da shi ba, akwai ranar shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya, akwai ranar gwamna da 'yan majalisar jiha, kowa ka auna shi da abin da ke hannunsa. Batun adadi kuma ba a ɓoye yake ba, ofishin akanta janar na tarayya da NBS suna fitar da rabon FAAC, wato rabon asusun tarayya, na kowane wata a intanet, jiha-jiha har ƙaramar hukuma ɗaya-ɗaya, Kano duka 44 suna ciki. Ka nemo na taku na wata shida, ka buga a takarda, ku je da shi ku goma ko ashirin ranar da ɗan takara ya zo unguwa neman ƙuri'a, ku sa dattijo a gaba don kada ace rashin kunya kuka zo yi. Ku tambaye shi na firamaren unguwarku da asibitinku nawa ne a ciki.

Maman Ilham:

In kun tashi zuwa ku faɗa mana da wuri mu ma mu zo, amma dan Allah kada ku sa shi da daddare, kuma ba ranar Juma'a ba.